Ranar da Aka Tsince Mini Littattafai Kamar Albasa

Ku da kuke shigowa ku jona wayoyinku a caji, ku baje ƙarƙashin fanka kuna cewa Inna Dije ta samu aikin banza, daga buɗe ƙofa sai gyangyaɗi, ku nake yi wa wannan rubutu. Kwanan baya wata yarinya da ta gama sakandare ta zo neman aiki a ɗakin karatun nan. Na tambaye ta me ta iya. Ta ce ta iya jera littattafai su yi kyau, kuma ita mai tsabta ce. Na ce mata ta ja benci ta zauna, don tsabta ta taɓa kusan kashe ɗakin nan, kuma a gaban idona aka yi.

Garinmu yana ƙasar Aliero, ta wajen Sabiyal. Ba mu da komai sai albasa da gero. Ɗakin da kuke zaune ciki tsohon sito ne na auduga. Wani tsohon hedimasta, Malam Garba, Allah ya ji ƙansa, shi ya roƙi mai gari aka ba shi, ya kwaso littattafan gidansa ya zuba. Ni da tsintsiya na shigo. Furfura ta riga ta fara fito mini, kuma ko sunana aka rubuta ban san nawa ba ne. Ina shara, ina jin matan ajin yaƙi da jahilci suna ba, bi, bu bayan azahar, har wata rana na jingine tsintsiya na zauna a ƙarshen tabarma. Malam ya gan ni. Alli kawai ya miƙo.

Aikin farko da ya ba ni bayan na fara haɗa baƙi, wani littafin koyon karatu ne da bayansa ya ɓalle, ganyayensa suka watse. Ya ce in mayar da shi yadda yake. Na ɗauko gam na shafa da yawa, na danne da dutse. Da ya bushe sai ya zama katako, ko buɗuwa ba ya yi. Malam ya ɗaga shi ya ƙwanƙwasa a tebur, ya ce, "Dije, allo kinka yi muna." Sannan ya zaunar da ni ya nuna mini. Sai ka bi lambar shafi ka jera, ka daidaita bakin, ka huda da basilla, ka ɗinke da zaren da aka goga wa kakin zuma don kada ya ci takarda. Gam a ƙarshe yake zuwa, kaɗan, a gadon baya kawai. Ba ma sayen gam sai dole. Ƙaro muke jiƙawa, wanda matan Fulani ke kawowa daga daji. Bango kuwa takardar buhun siminti ce, a kakkaɓe ta, a goge da tsumma mai laima, a ninka biyu.

Sai yaƙi da gara. Wanda bai taɓa ɗaga littafi ya ga bango kawai ya rage, ciki duk ƙasa, bai san aikin nan ba. Ƙafar kowace kanta tana cikin gwangwanin madara mai baƙin mai. Kanta ba ta taɓa bango, sai an bar tazarar da hannu zai shiga. Tsakanin littattafai busasshen ganyen dogon yaro nake sakawa saboda kyankyasai. Da damina in hadari ya taso, kowa yana gudun gida, ni nan nake gudowa da robobi da leda, domin rufin kwanon ya tsufa tun zamanin auduga.

Masu zuwa kuma ba irinku kaɗai ba ne. Manomi zai shigo da kwalbar maganin feshi a aljihu, ya ce in karanta masa yadda ake haɗawa, saboda bara ya ƙone irinsa da kansa. Mace za ta zo da katin asibiti a ƙulle cikin bakin zane, tana so ta san ranar komawa. Ranar Alhamis yara ke cika tabarma in karanta musu labari. Amma uwar aikin ita ce ajin mata. Ku ba ku san abin da ake sha kafin mace ɗaya ta zauna a ajin nan ba. Gida gida nake bi, in gaida mai gida, in gaida uwarsa, in koma, in sake komawa. Wani sai liman ya sa baki. Izinin nan kuwa ba ya jure hutu. In aji ya tsaya mace ta zauna gida, fitarta ta biyu sai an sake roƙo daga farko, kuma yawanci ba a samu.

Kuna tambaya wa ke biya. Babu wanda ke biya. Albashina, in ya zo, daga ƙaramar hukuma yake zuwa, sauran kuwa gari ne. Malam Garba ya kafa kwamiti kafin ya rasu, aka ɗora Alhaji Arzika, babban dillalin albasa, a kai. Lokacin cirar albasa wanda Allah ya nufa ya aiko da kwando, a sayar a sayi alli da kananzir. An taɓa yin gidauniya da lasifika da rumfa, manyan mutane suka yi alkawari har na ji kunya don daɗi. Da aka kwashe kujeru alkawarin ya bi su.

Littattafanmu iri biyu ne a lokacin, kuma ku riƙe wannan. Akwai waɗanda wasu bayin Allah suka aiko daga ƙasar waje cikin kwalaye, manya manya, masu nauyi da bango mai sheƙi. Duk Turanci ne, irin wanda ko malaman sakandare suka buɗe sai su rufe. Wani kan dokar jiragen ruwa, wani kan injin kwashe ƙanƙara daga hanya. A garin da muke sayen ƙanƙara a leda! Sannan akwai namu: na koyon karatu, na labaran Hausa, 'yan ƙananan littattafan kiwon lafiya da na noma, na ajami, da tsoffin tambayoyin jarrabawa. Waɗannan hannu ya cinye su. Bakinsu baƙi ƙirin, sun kumbura, sun yi laushi kamar tsohon zane, wani da tabon manja, wani da ƙaurin hayaƙin murhu. Babu wanda ban ɗinke ba, wani sau da yawa har babu wurin huda.

To a shekarar da nake ba ku labari, Alhaji Arzika ya zo da albishir. Wata ƙungiya daga birni tana neman ɗakin karatu na ƙauye ta gyara masa rufi ta kuma zuba masa littattafai, za su aiko mutum ya duba namu. Na ce alhamdu lillahi, damina ba za ta sake kama ni da robobi ba. Ana cikin haka aka aiko yayata ta rasu a Gumbin Kure, can ƙasar Maiyama. Na rufe aji, na kai wa Alhaji makulli, na ce zan zauna har sadakar bakwai in dawo ranar da baƙon zai zo. Ya ce in tafi da kwanciyar rai, zai sa a yi gayya a gyara wuri.

Da safe na sauka daga mota na wuce ɗakin kai tsaye, ko gida ban shiga ba. Tun daga nesa na ga an shafa farar ƙasa, an share fili an yayyafa ruwa. Na ji daɗi. Na shiga. Tabarmi a wanke, tagogi a goge. Kantoci a jere kamar kantin magani, manyan littattafan nan masu sheƙi a tsaye, babba kusa da babba, ƙarami kusa da ƙarami. Na tsaya ina kallo, na ji wani abu bai yi daidai ba, sai daga baya na gane wari ne babu. Ɗakin nan yana da warinsa, na tsohuwar takarda da gumin hannu. Babu shi. Na duba kantar ƙasa, inda na koyon karatu ke zama don mata su ɗauka daga zaune. Wayam. Na duba ta labarai. Wayam. Na leƙa ƙarƙashin tebur, na buɗe akwati, har bayan ƙofa na duba kamar mai neman kaza.

Sai ga Tumba ta shigo tana washe baki. Tumba taubashiyata ce, 'yar ƙanen uwata, tare muka tashi, ba ma haɗuwa sai mun zagi juna. Ita ce shugabar matan da ke tsintar albasa a garin nan. In an cire albasa an yanke ganye, kafin a zuba ta a rudu, wato rumbun karan da ake ajiye ta iska na shiga, sai an kira su Tumba. Za su zauna su bi ta ɗaya bayan ɗaya, su danna wuyanta da babban yatsa, su sunsuna. Wadda ta yi laushi, ko ta kumbura, ko take da tabo, ko warinta ya sauya, gefe. Ɗaya in ta tsallake ta shiga rudu, sai ta ruɓar da na kusa da ita. Duk ƙasar nan an san hannun Tumba, har daga Jega ake aiko mota a ɗauke ta.

"Baiwata, kin dawo?" in ji ta. "Ya haƙuri? To duba ki gani. Ƙazantar da kinka tara shekara da shekaru, yini guda munka kwashe ta."

Na ce, "Tumba, ina littattahaina?"

"Ga su nan gabanki. Ko kukan mutuwa ya cinye miki ido?"

"Waɗanda ad da bangon siminti. Ina su?"

"Au, ruɓaɓɓin? Alhaji yac ce mu tsince su kamar yadda muka saba. Mu kuwa ba mu yi ha'inci ba. Ɗaya ɗaya munka bi su. Wanda yay yi taushi, gehe. Wanda yak kumbura, gehe. Mai tabo, mai wari, duk munka hidda su, kada su lalata masu kyau. Ke, rabin ɗakinga ruɓaɓɓe na! Allah ya so ki munka zo."

Na zauna a ƙasa. Na ce to ba komai, ina aka zuba su, a kawo. A raina ina cewa in ma masu ƙosai aka ba, zan bi kasuwa in karɓo, na iya ɗinki.

Tumba ta ɓata rai. "Masu ƙosai? Ke kin ɗauke mu jahilai? Takarda mai rubutu, wa ya san inda sunan Allah yake ciki? Sai da Alhaji yat tambayi liman. Liman yac ce takardar da tal lalace, a ƙone ta wuri mai tsarki a rufe tokar. Taho ki gani."

Ta ja ni bayan ɗaki. An haƙa rami, an cike, an daddaɓe ƙasar sumul, an ɗora ƙaya a kai don kada awaki su taka. Ta ce da alwalarsu suka yi, kuma babu wadda ta tsallake wutar. Tana faɗa tana jiran in yi godiya.

Na san na yi ihu, don mutanen kasuwa sun taho. Ban san me na ce ba, amma an gaya mini har da iyayen Alhaji Arzika a ciki, shi kuwa yana tsaye da babbar riga ya fito tarar baƙo. Ya ce, "Malama Dije, don Allah ki rufa muna asiri, mota ta shigo gari." Fuskarsa babu alamar ya san ya yi ɓarna. Abin da ya fi gigita ni ke nan. Babu mugu ko ɗaya a cikinsu. Sun bar gonakinsu a tsakiyar aiki, sun yi mini yini guda kyauta, sun yi abin da suka fi iyawa a duniya, da iyakar gaskiyarsu.

Baƙon wani matashi ne mai gilashi, Malam Nasiru, mai ladabi. Ya gaishe mu, ya zagaya. Ya zaro littafi ɗaya ya buɗe, muka ji ƙarar bango sabo. Ya zaro wani, ganyayensa ma a manne. Ya bi kanta yana juya su yana duba bakinsu. Sannan ya ce, "Malama, wa ke karatu a nan?"

Na ce mata, da yara, da manoma. Na ce in ɗauko masa rajista.

Ya ce, "Rajista kowa yana iya cika ta, na ga irinta da yawa. Ni bakin littafi nake dubawa. Inda ake karatu, bakin littafi baƙi ne. Waɗannan babu wanda ya taɓa buɗe su."

Alhaji yana yi mini alama da ido in yi shiru. Ban yi ba. Na ce, "Ɗana, biyo ni." Na kai shi bayan ɗaki, na janye ƙayar da hannuna, na tona da wani guntun ƙarfe har toka ta fito. Na damtso na nuna masa. Akwai ɗan guntun zarena a ciki. Na ba shi labari duka. Ya cire gilashi ya goge. Ya ce ya yarda da ni, wallahi ya yarda. Amma akwai wasu garuruwa da ke jira, kuma waɗanda suka aiko shi hoto za su gani. "Inna, toka zan ɗauka in kai musu?" Ya ci abincin da aka dafa masa don kada a ji kunya, ya shiga mota. Rufin ya tafi wani gari.

Wannan ita ce mummunar shekara. Na buɗe aji babu littafi ko ɗaya da mata za su iya karantawa. Na koma rubuta baƙi a allo, in goge, in sake. Amma da, mace takan tafi da littafi gida, ta buɗe shi a gindin murhu, mai gida ya gani ya san ba yawo take zuwa ba. Yanzu hannu wofi take komawa. Sai aka fara: wance mijinta ya ce ta dakata sai an kawo littattafai, wance uwar miji ta ce aikin gida ya yi yawa. Damina ta sauka, rufi ya buɗe baki, na jera robobi ina tare ruwa don kada ya jiƙa littafin kwashe ƙanƙara. Wata rana na shimfiɗa tabarmi bayan azahar, har aka kira la'asar mata biyu ne suka zo. Alhaji Arzika ya fara cewa wani yana neman hayar ɗakin ya zuba taki, ko za a ba shi kafin abubuwa su daidaita. Na ce masa sai dai a zuba takin a kaina.

Tumba kuwa na daina yi mata magana. In mun haɗu wurin suna ko biki sai in juya. Ta aiko 'yarta da fura, na mayar. Dangi suka yi ta faɗa, wai taubasai ba sa gaba. Na ce ni na fara.

Bayan ruwa ya ɗauke, ina zaune ni kaɗai ina jiƙa ƙaro ba tare da abin da zan liƙa ba, sai ga ta ko sallama babu. Ta jefo wani abu a kan tebur. Ɗan ƙaramin littafi ne mai bangon siminti, ɗinkina, gefe ɗaya ya babbake.

"Wanga na ɓoye ranan," in ji ta. "Na ga bangonai da ƙarfi, nic ce ya yi mahucin wuta. Da shi nika hura murhu. To ga shi. Karanta mani in ji. In ji abin da ad ciki da yaf fi zumunta, da har kika mayar mani da hura kamar wata mayya."

Na ɗauka. Ɗaya daga cikin na kiwon lafiya ne. Na so in kore ta, amma na buɗe inda ya buɗe da kansa, inda hannu ya fi ci. Shafin yana magana kan yaro mai gudawa da amai. Ya ce abin da ke kashe yaron ƙarewar ruwan jikinsa ne. Ya ce kada a hana shi sha, kada a janye masa nono, a haɗa ruwa mai tsabta da gishiri da sukari a riƙa ba shi kaɗan kaɗan har a isa asibiti.

Tumba tana tsaye da hannu a ƙugu. Sai na ga hannun ya sauka.

"Sake," ta ce.

Na sake.

"Kada a hana shi sha?"

"Haka aka rubuta."

"Mu hana su munka yi. Cewa aka yi ruwa na ƙara gudawa. Bashiru yana miƙo hannu wajen randa, ni ina janye shi." Bashiru autanta ne, bai kai yaye ba ya rasu. Ta zauna a bencin nan da kuke zama. "Na san yanzu ana hwaɗi a asibiti. Wagga takarda, tun yaushe take ɗakinga?"

Ban iya ƙarya ba, kuma ba ranar zan fara ba. Na ce tun Malam Garba ya buɗe ɗakin.

"Shekarar Bashiru tana nan?"

"Tana nan bisa kanta. Ni ma lokacin shara nake ƙarƙashinta, ban san abin da ke ciki ba."

Daga ƙofar ɗakin nan ana hango katangar gidan Tumba. Ta juya ta dube ta. Sannan ta ce, a hankali, da muryar da ban san ta da ita ba, "Dije, irin wanga nawa nis sa a wuta?"

Na ce ban ƙirga ba.

Ta tashi ta fita, ta bar mini mafecinta.

Ban sake ganinta ba sai da albasa ta isa cira. Alhaji Arzika ya tara tasa tuli guda a gona, ya aika a kira su Tumba. Ba wadda ta je. Ya sake aikawa. Rana tana dukan albasa, motar Kudu tana jira. Ya zo da kansa ƙofar gidanta, ni ma an kira ni na ga abin da idona. Matan duk suna zaune a tsakar gida sun miƙe ƙafa.

"Tumba, lahiya? Ko ƙarin lada kuke so?"

"Alhaji, kai kac ce mu tsince, munka tsince. Kai da mu munka ƙone ɗakin Dije. To hannunmu ba shi taɓa albasarka sai mun ji kahinta na buga kwano bisa ɗakin karatu."

"Haba Tumba, a bari a kwashe kaya mana!"

"Ai ba mu hana ka ba. Zuba ta rudu hakanan, in kana da ƙarfin hali."

Bai da shi. Babu dillalin da zai zuba albasar da ba a tsince ba. Kafin sati ya zagayo kafinta yana kan rufi, sauran dillalai kuma da suka ga abin da ya sami babbansu suka kawo nasu bandir ɗin kwanon rufi ba a roƙe su ba.

Littattafai kuwa daga wurin da ba wanda ya zata suka fito. A al'ada, albasar da aka ware, mai tabo da ƙanana, ta masu tsinta ce, da ita da ganyen da aka yanke. Suna yanka mai tabon su shanya, ganyen kuma su daka su dunƙula gabu, wanda ake sa wa miya. Tumba ta kafa doka a tsakaninsu: kowace gona aka yi aiki, kwando na farko na abin da aka ware na ɗakin karatu ne. Ranar kasuwar Jega muka hau mota ni da ita da buhunan gabu, muka sayar, muka wuce wurin masu littattafai. Ba ta iya karanta ko harafi ba, amma ita ta yi ciniki har mai shagon ya ce don Allah in ɗauke ta. Da yawa daga waɗanda aka ƙone ba a buga su kuma, sun tafi ke nan. Mun sayo abin da muka samu. Sannan muka koma bin gidaje. Wannan karon ba ni kaɗai ba, kuma mazan garin nan sun fi tsoron bakin Tumba da nawa. Wasu matan sun dawo. Wasu har yau ba su dawo ba, ina ganin su a biki, sun manta har baƙin da suka fara koya, kuma babu kwanon rufin da zai biya wannan.

Dokar kwandon tana nan har gobe. Fankar da kuke sha da wutar sola da kuke caji, da albasa mai tabo aka saye su. In kun ga tsofaffin nan suna wucewa da kwando a ka, hannunsu yana warin albasa, ku tashi ku gaishe su.

Tumba ta zauna a ƙarshen tabarma, daidai inda na fara zama. Kanta ya yi tauri, ta sha wuya, ta zage ni, na zage ta. Ta ƙi sabon littafi. Da mafecinta ta koya, mai babbakakken gefen nan, ta ce shi ta fara ji kuma shi za ta fara karantawa. Yana nan a kantar ƙasa, yarinyar da ta zo neman aiki ma shi na fara miƙa mata, na ce ta gaya mini mai kyau ne ko marar kyau. Ta riƙe shi da yatsa biyu. Na ce ta dawo in ta sami amsa.

Har yanzu duk shekara in an gama aikin gona, Tumba takan shigo ta bi kantocin nan ɗaya bayan ɗaya, ba mai hana ta. Bara ta zaro wani da muka sayo tun damina, bakinsa fari tas, ta ƙwanƙwasa shi a tebur ta harare ni.

"Baiwata, wanga wa kika sayo wa? Ba wanda yat taɓa shi. Kin ɓata muna gabu."

Ta mayar. Ta zaro na kusa da shi, wanda ya kumbura, bakinsa baƙi, da tabon manja a bango. Ta danna shi da babban yatsa, ta kai hanci ta sunsuna.

"Wanga dai," ta ce, "kawo basilla."